Baƙin da ke tsakanin gilasai

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a Zangon Damagaram kwance ne daga Turai, an sauke su a Kwatano. Ba don ranar Damagaram aka ƙera su ba, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Abin da ke fara nuna gajiya shi ne siririn baƙin nan da ke tsaye tsakanin gilashin gaba da na baya. Rana tana cinye launinsa har ya koma toka-toka. Ƙurar hunturu kuwa yashi ce, busasshen tsumma ya bi ta kanta sai ya bar zane. Baƙin nan a wasu motocin roba ce, a wasu leda ce aka manna wa ƙarfe, kuma gyaransu daban ne. Ledar dumama ta ake yi a ɓare, a goge gam, a manna sabuwa. Roba mai sheƙi takan farfaɗo da man gogewa, in zanen bai yi zurfi ba.

Akwai masu shafa baƙin mai. Kwana biyu yana ƙyalli, sannan ya tara ƙura. Abin takaici ne, domin wanka da ruwa da ajiyewa a inuwa sun fi shi amfani nesa.