Mudun Kamfani da Mudun Hanya



Shekara uku muna tari kafin mu sayi motar gida daga Kwatano. Littafin kamfani ya nuna ba ta shan mai sosai. Tafiya ɗaya daga Maraɗi zuwa Damagaram, da yara da buhunan hatsi, ta ƙaryata shi, domin kuɗin cefanen mako a gidan mai suka ƙare.

Daga baya muka fahimci a ɗakin gwaji ake wannan awo, inda babu rairayi, babu lodi, babu zafin bazara. Wani sa'in ma da gangan ake tauye mudun. A 2015 kamfanin Volkswagen ya amsa cewa motocinsa kimanin miliyan 11 na ɗauke da manhaja mai ɓoye yawan hayaƙi lokacin gwaji. A 2016 Mitsubishi ya amsa murɗe alƙaluman shan mai na ƙananan motoci 625,000.

Yanzu mukan cika tanki, mu rubuta kilomita, mu sake cikawa, mu lissafa da kanmu. Ranar da za mu sayar da ita kuwa, wannan lissafin za mu faɗa wa mai saye, domin gargaɗin Suratul Muɗaffifina ga masu tauye awo ya haɗa har da mu.

Allah Ya tsare mu daga algus, amin.