Asuba a Los Feliz, unguwar da mai kare ke gadin karensa

A inda na tashi, aikin kare biyu ne: gadi da farauta. Ba a ɗaura masa igiya a zagaya unguwa da shi don ya sha iska, kuma idan mutum da kare suka haɗu a lungu, kowa ya san mutumin ake jiye wa tsoro. Sai da tafiya ta kai ni birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya a Amurka na ga unguwar da karen ake jiye wa tsoro, mai shi kuma shi ne ɗan gadi.

Na sauka a wurin wani ƙanena a unguwar Los Feliz, a gindin tsaunukan gandun Griffith. Titunanta suna hawa suna lanƙwasa, gidaje sun jeru da bishiyoyin lemo a farfajiyarsu, 'ya'yan suna faɗuwa ƙasa ba mai tsinta. Gandun ya haura eka 4,000. Wani attajiri mai suna Griffith J. Griffith ne ya ba birnin kyautar mafi yawansa a 1896, kuma har yau babban ɓangarensa daji ne na ƙaya da busasshiyar ciyawa da kwazazzabai. Babu ganuwa tsakanin gidan ƙarshe da dajin. Inda kwalta ta ƙare, nan turbar namun daji ta fara.

A darena na farko wani kuka ya tashe ni, haushi-haushi, guɗa-guɗa, kamar taron yara sun ɓarke da ihu a bayan gida. Da safe na tambayi ƙanena. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai maƙwabtanmu ne. Sun riga mu zuwa unguwar." Dabbar da yake nufi ita ce suke kira kayoti, wato dilan Amurka. Ya fi dilanmu tsawon ƙafa, nauyinsa kan kama kilo 10 zuwa 15, bakinsa tsini, jelarsa buzu-buzu yana tafe da ita a sunkuye. Wayonsa kuwa ko kaɗan bai kunyata ɗan uwansa na tatsuniyoyinmu ba, wanda muke yi wa kirari da malamin daji.

Al'adata ce in ɗan taka bayan sallar asuba, kuma a nan na saba da wani dattijo maƙwabcin ƙanena, wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Kullum yakan fito da wani ɗan kare fari da bai fi kyanwa girma ba. Abin da ya fara jan hankalina shi ne shirinsa: sanda a hannun dama, igiyar kare a hagu, usur rataye a wuya, tocila da wani gwangwani mai tsakuwa a aljihu. Karen kansa yana sanye da wata riga mai tsinkuna a gadon baya da wuya, sai ka ce bushiya. Na ce masa a ƙasarmu wanda ya yi irin wannan shiri farauta za shi. Ya ce shi kuwa so yake ya hana a yi farautar nasa.

Igiyar gajera ce, domin dokar birnin ba ta yarda ta wuce ƙafa shida ba, wato ƙasa da mita biyu. Dattijon ya ce ko babu doka haka zai yi. Akwai wata igiya mai naɗe kanta da ke barin kare ya yi nisa da mai shi, ya kutsa cikin shuke-shuke yana shinshine-shinshine. A cewarsa, mai amfani da irinta ba shi da maraba da mai kamun kifi da ya jefa ƙugiya da tana a jiki. Dila yana shakkar mutum, amma ɗan karen da ya yi nisa da ƙafar mutum a wurinsa nama ne, babban kare kuma abokin gaba ne da ya shigo masa yanki.

A rana ta biyar, cikin watan Mayu, na ga abin da idona. Gari bai gama wayewa ba, muna gangarowa ta wani titi da ya jingina da kwazazzabo, sai karen ya tsaya cak, ya ƙi gaba. Can gabanmu, tazarar da ba ta fi taku ashirin ba, dila ne tsaye a tsakiyar kwalta, a gefen wata mota. Bai gudu ba, bai yi gurnani ba. Idonsa ba a kanmu yake ba, a kan karen yake. Ba zan ɓoye ba, ƙafata ta riga tunanina juyawa. Dattijon ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Kada ka gudu. Wanda ya gudu ya gaya masa cewa shi abin kora ne."

Ya janyo igiyar, ya sungumi karen ya rungume a ƙirji, idonsa bai bar kan dilan ba. Sannan ya miƙe sosai, ya ɗaga sandar sama, ya daka wata tsawa da ban zaci za ta fito daga bakin mai shekarunsa ba, ya miƙo mini gwangwanin ya ce in kaɗa. Na kaɗa iya ƙarfina. Dilan ya ja da baya, ya sake tsayawa yana kallonmu. Dattijon ya taka gaba biyu yana buga ƙafa, ya busa usur. Sai a lokacin dabbar ta juya ta gangara kwazazzabo. Ya ce mini kuskuren da mutane ke yi shi ne su daina hayaniya da zarar dila ya ɗan matsa. Idan aka yi haka, an koya masa cewa tsawar mutum iyakarta taku goma. Sai an ci gaba har ya bar wurin baki ɗaya.

Da muka juya, ya ɗan biyo mu daga nesa a gefen ciyawa, sannan ya ɓace. Dattijon bai sake yi masa tsawa ba, kuma ya bayyana mini dalili. Diloli suna barbara daga Janairu zuwa Maris, su haihu wajen Afrilu da Mayu. A wannan lokaci iyaye kan bi mai kare a baya har sai ya yi nisa da raminsu, kamar mai gida da ke raka baƙon da bai yarda da shi ba zuwa bakin zaure. Idan mutum ya fahimci cewa kusa da 'ya'ya yake, abin yi shi ne ya ɗauke karensa ya bar wurin a natse, ya kuma canza hanya na wasu makonni. Washegari ta wani titi muka bi.

Na tambaye shi me ke fito da dabbar daji kan kwalta, ga daji a bayanta. Ya nuna mini da sandarsa: lemo da ya zube a gindin bishiya, kwandon shara da murfinsa bai rufu ba, kwanon abincin kyanwa da aka bari a bakin ƙofa. Unguwa ta fi daji arhar abinci. Mafi muni kuma su ne masu ajiye wa diloli abinci da gangan, wai don tausayi ko don su ɗauki hoto. Dokar birnin ta haramta haka, kuma haramcin yana da tarihi mai ɗaci. A 1981, a garin Glendale da ke maƙwabtaka da wannan gandu, dila ya kashe wata yarinya 'yar shekara uku a ƙofar gidansu. Bincike ya nuna cewa akwai masu ciyar da diloli a yankin, kuma cikin 'yan watanni aka kama fiye da 50 a kewayen gidan. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Dilan da aka ciyar ya rasa tsoron daji, kunyar gida kuma dama ba shi da ita. Ƙarshensa ya taɓa kare ko yaro, hukuma ta zo ta kashe shi. Mai tausayin nan ya cuci maƙwabcinsa, ya kuma cuci dabbar da ya ce yana so.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana a ƙarar da su a huta? An gwada. Fiye da shekara ɗari Amurkawa suna yaƙar dila da tarko da guba da bindiga, har yanzu hukumomi suna kashe dubun-dubata a kowace shekara. Duk da haka, dabbar da asalinta na yammaci da tsakiyar nahiyar ce yau tana kowace jiha ta Amurka in ban da Hawai. An kawar da kyarketan da ke danne ta a yawancin ƙasar, an sare dazuzzuka an buɗe mata fili. Idan aka kashe na wani yanki, waɗanda suka rage sukan samu yalwar abinci su ƙara haihuwa, wasu kuma su shigo daga waje su cike gurbin. Shi ya sa hukumomin birnin suka fi mayar da hankali ga gyara halin mutane.

Ba a zama a Los Feliz a rasa jin labarin babban maƙwabcinsu, zakin tsaunin nan da masana suka sa wa lamba P-22. Zakin tsauni ba shi da geza, ƙirarsa ta fi kusa da ta damisa, sai dai ba shi da rodi-rodi. An haifi wannan a tsaunukan Santa Monica da ke yamma, ya tsallaka manyan hanyoyin mota biyu, 405 da 101, waɗanda suka hallaka 'yan uwansa da dama, ya shigo gandun Griffith. Kyamarar da masu bincike suka kafa ta ɗauke shi a 2012, kuma hotonsa a ƙarƙashin allon nan na Hollywood, wanda mujallar National Geographic ta buga a 2013, ya sa duniya ta san shi. Shekara goma ya yi shi kaɗai a gandun, babu mace, yana cin barewa da diloli, miliyoyin mutane suna shiga suna fita ba tare da sun gan shi ba. A 2015 an same shi kwance a ƙarƙashin wani gida a wannan unguwa, ya kuma sulale da dare ba tare da ya taɓa kowa ba.

Da tsufa ya kama shi, sai hali ya canza. A Nuwamban 2022 ya faɗa wa wani ɗan kare da ake yawo da shi a igiya bayan faɗuwar rana a unguwar Hollywood Hills, ya kashe shi. Bai taɓa mai riƙe da igiyar ba. A ranar 12 ga Disamba aka kama shi a bayan wani gida a Los Feliz. Likitoci suka tarar mota ta buge shi, ga ciwon ƙoda, ga rama, a ranar 17 ga watan aka yi masa allurar da ta kawo ƙarshen wahalarsa. A Fabrairun 2023 dubban mutane suka taru a dandalin wasanni na gandun don tunawa da shi. Ni da na fito daga inda ake yi wa wanda ya kashe zaki kirari, sai da na jinjina wannan labari.

Dattijon ya ce darasin da ya ɗauka bai wuce biyu ba. Na farko, gajeriyar igiya tana rage haɗari amma ba ta kawar da shi, don haka lokaci ma abin lura ne: magariba da duhun asuba na namun daji ne, wanda ya fita a cikinsu ya tafi da haske da abokin tafiya, ya cire abin sauraren waƙa daga kunne. Wanda ya yi kiciɓis da zakin tsauni kada ya gudu, kada ya tsuguna, ya fuskance shi, ya buɗe hannuwa ya ƙara girma, ya ja da baya a hankali, idan kuwa ya kawo hari a rama da duk abin da ke hannu. Na biyu, dabbar da ta fara abin da ba ta saba ba, sau da yawa mutum ne ya taɓa ta. Tun a 2014 an sami gubar ɓera a jinin P-22, wadda ta hau daga ɓera zuwa masu cin ɓera har ta iso gare shi. A 2020 jihar Kalifoniya ta taƙaita amfani da mafi ƙarfin irin wannan guba, a Afrilun 2022 kuma aka aza harsashin wata gada ta namun daji a kan hanyar 101 a Agoura Hills, domin su riƙa tsallakawa ba tare da sun gamu da mota ba.

Kada mai karatu ya zaci mutanen unguwar a firgice suke kwana. Mutuwar mutum a bakin dila da tarihi ya tabbatar a Amurka da Kanada biyu ce kacal, ta Glendale da wata a Kanada a 2009, alhali karnukan gida suna cizon miliyoyin Amurkawa a kowace shekara. A yawancin ranaku abin da mai kare ya fi shakka shi ne maciji mai kacau-kacau a wutsiya da ke shan hantsi a bakin turba lokacin zafi, ko wata dabba irin bodari da kan fesa wa kare mai shisshigi warin da sai an sha wanka. Maganinsu duka ɗaya ne, kare ya tsaya kusa da ƙafar mai shi, mai shi kuma ya san inda yake takawa.

A hanyar dawowa gida na tuna manoman da ke kewayen Yankari a jihar Bauchi, waɗanda giwaye ke shigar wa gona, da unguwannin da ke ta hawa duwatsun Abuja. Dabbobinmu daban, hanyar cin abincinmu daban, kuma asarar manomin da giwa ta tattake wa dawa ta fi ta mai ɗan kare nauyi nesa ba kusa ba. Amma tambayar iri ɗaya ce: idan gari ya ci daji, wa zai koya wa mutanen gari zama da waɗanda suka tarar?

Ranar da zan taso na fita sallama da dattijon. Na same shi a bakin ƙofar wata sabuwar maƙwabciya, karen a hammata, yana nuna mata yadda ake ɗaure murfin kwandon shara. Ya ba ni gwangwanin nan mai tsakuwa ya ce in tafi da shi tsaraba. Yana nan a kan teburina, jikokina suna kaɗawa suna tambayata ko na kiran kaji ne.