Fenti da Tuwo Ba Su Zama Wuri Ɗaya

Mu mutanen Gezawa ne, a kan hanyar Kano zuwa Gumel. Kamar kowa a nan, da damina muna noman gero da dawa da gyaɗa. Idan an gama girbi kuwa, sana'ar gidanmu ita ce zane da fenti. Maigida yana rubuta alluna na masu shaguna, yana kuma zana hotunan labarun Littafi Mai Tsarki domin makarantar Lahadi. Uwargida ce ke shafa farin fenti na fari, ita ce kuma mai riƙe lissafi. Ba mu da shago, a gida muke aiki. Muna so mu gaya muku abin da wannan ya koya mana.

A zaure muka soma. Sai hunturu ya shigo. Fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, ƙura kuwa ba ta jira. Wani allo da muka kwana biyu muna yi wa mai shayi, da gari ya waye sai ga shi kamar an barbaɗa masa rairayi. Dole muka koma kasuwar Sabon Gari a Kano sayen wani gwangwani. Ga kuɗin fenti, ga kuɗin mota, riba ta tafi.

Sai muka kwashe kaya zuwa ɗakin da ke kusa da na yara, muka rufe ƙofa da taga. Ƙura ta daina shiga, amma warin fenti da kananzir ya rasa hanyar fita. Maigida yana kwana da ciwon kai, yara suna tari. An gudu ba a tsira ba. Duk da haka muka yi shiru, gama aiki yana kawo kuɗi.

Wata rana uwargida ta dawo daga taron zumuntar mata, ta tarar da autarmu, 'yar shekara biyu, tana shan ruwa da tsohon gwangwanin fenti, leɓenta duk rawaya. Muka ruga da ita asibiti. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, wace sana'a kuke yi a gida?" Da muka faɗa, ta bayyana mana cewa waɗansu fentin mai, musamman rawaya da ja, akwai dalma a cikinsu. Dalma tana ɓata ƙwaƙwalwar ƙananan yara a hankali, sau da yawa ba a ganin alama da wuri. Ta tuna mana da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Iyayen nan ma abinci suke nema, kamar mu.

Allah ya ji ƙanmu, yarinya tana lafiya. Amma daren nan ba mu yi barci ba. Muka durƙusa muka roƙi gafara, gama mun sa sana'a gaba da amanar da Ubangiji ya ba mu.

Ga abin da muka yi. Mun kafa rumfa a bayan gida inda uwargida take shuka kuɓewa, muka kewaye ta da zana domin iska ta riƙa ratsawa. Fenti da kananzir suna cikin akwati mai kwado. Muna yayyafa ruwa a ƙasa kafin aiki, muna shafa fenti da sassafe kafin iska ta taso, mu jingina allo fuskarsa ga bango. Tsohon allo sai mun jiƙa shi kafin mu goge, don kada garinsa ya tashi. Rigar aiki ba ta shiga ɗaki. Ba mai sa hannu a kwanon tuwo sai ya wanke da sabulu.

Gwangwanin da ya ƙare kuwa, huda shi muke yi da ƙusa. Maƙwabciyarmu ta zo roƙon ɗaya don zuba gishiri, muka hana. Ta ji haushi, ta ce rowa ce. Uwargida ta bi ta har gida, ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, jikokinki muke ji," ta ba ta labari, ta kuma ba ta kwalba mai tsabta.

Aiki ya ragu, kuɓewa ta tafi, amma ba mu yi da-na-sani ba. Littafin Fitowa, sura 31, ya nuna mana Allah ne ya ba Bezalel gwaninta. Mai ba da gwaninta shi ne kuma mai ba da 'ya'ya.

'Yan'uwa, ko fenti ne a gidanku, ko maganin ƙwari, ko fetur, ku duba yau inda kuka ajiye shi. Ubangiji ya kiyaye gidajenmu. Amin.