Jinkirin Da Ke Tsakanin Yatsa Da Allo

Masu karatu, wannan mako zan ɗan ajiye maganar siyasa da farashin kayan masarufi, in ba ku labarin wani laifi da na yi a cikin gidana, wanda ya kusa ɓata tsakanina da mutum biyu waɗanda ba su ci mini ba, ba su sha mini ba.

Ina da ƙane, autanmu, wanda ya ke zaune a wurina a bayan garin Abuja tun da mahaifinmu ya rasu. Da ya gama sakandare sai na yi ƙoƙari na saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu, a wurin wani bawan Allah mai shago a Wuse, wanda abokin aikina ya haɗa mu. Nufina ya koyi aiki da ita. Shi kuwa, kamar sauran tsararrakinsa, sai ya haɗa da wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta, har ya zama abin kwatance a unguwa. Da dare ya kan jona ta da akwatin talabijin na falo, domin allon ya fi girma.

Ba a daɗe ba sai ya fara gunaguni. Ya ce idan ya danna madanni, ɗan wasansa ba ya buga ƙwallo nan take, sai an sami wani ɗan tsaiko wanda ido bai cika gani ba amma hannu yana ji. Ya ce wani dare abin ya yi sauƙi, wani dare ya yi tsanani, ba tare da ya taɓa kome ba. Ran da wani abokinsa ya zo gida ya lallasa shi sau uku a jere, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, wallahi ba hannuna ba ne." Ni kuwa a gaban abokin nasa na ce masa ya daina neman hujja, wanda aka kayar ya yarda an kayar da shi. Bai ce kome ba, amma kwana biyu bai zauna cin abinci tare da ni ba.

Da na ga abin ya dame shi, sai na riƙe madannin da kaina, na kuwa ji nauyin da ya ke faɗa. To, maimakon in tsaya in bincika, sai na juya fushina kan mai shago. Na buga masa waya na ce ya sayar mana da ruɓaɓɓen kaya. Mutumin ya ce, "Malam, ka kawo ta in duba, in da aibi zan mayar maka da kuɗinka." Muka kai, ya kunna wasan a kan teburinsa, da allon kwamfutar kanta, abu ya tafi sumul. Na dawo gida ina cewa a raina ai dabarar 'yan kasuwa ce.

Abin da ya cece ni shi ne ɗan horon da aikin jarida ya yi mini, watau kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba. Na shiga karatu a kan al'amarin, kuma abu na farko da na koya ya kunyata ni. Ashe wannan jinkiri ba ɓarawo ɗaya ba ne da za a kama a ɗaure. Tsakanin yatsa da allo akwai zango-zango, kowane zango yana karɓar ɗan harajinsa na lokaci, kuma ana auna harajin da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan guda.

Ga yadda tafiyar ta ke. Kwamfuta ba ta jin dannawa nan take. Ita ce ta ke tambayar madanni ko linzami lokaci-lokaci ko akwai labari. Linzami na gama-gari sau 125 a ke tambayarsa a sakan, watau kowane milisakan 8, alhali na 'yan wasa sau 1,000 ne. Daga nan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta lissafa inda ƙwallo zai tafi, ta miƙa wa sashen zana hoto. Idan aiki ya yi wa wannan sashe yawa, sai hotuna su yi layi suna jira, kamar masu shan mai a gidan mai, kuma dannawarka tana can ƙarshen layi. Saboda wannan layi ne kamfanin AMD ya fito da dabarar Anti-Lag a 2019, kamfanin Nvidia kuma ya fito da Reflex a 2020. Sa'an nan allo mai sauya hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar kusan milisakan 17 kafin ya nuna sabo, mai sau 144 kuwa kusan 7. Akwai kuma wani tsari da a ke kira V-Sync, wanda ya ke hana hoto yagewa ta hanyar tilasta wa kwamfuta ta jira allo. Hoto ya yi kyau, amma an ƙara jira. Kowanne daga cikinsu ba kome ba ne in an ɗauke shi shi kaɗai. In sun taru kuwa, sai mai tsaron gida ya riga ka.

Auta tun farko ya ɗora laifin a kan intanet, kamar yadda kusan kowane yaro ya ke yi. Lalle intanet yana da nasa jinkirin, kuma wani ɓangarensa ba mai iya kawar da shi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne, don haka zuwa da dawowa kaɗai sun ci milisakan 70 kafin a lissafa hanyar Legas zuwa Abuja. Amma namu ciwon yana nan ko da an kashe intanet ɗungurungum, su biyu suna wasa a falo ɗaya. Wannan ya wanke shi.

Gani ya kori ji. Wayata tana ɗaukar hoton bidiyo mai tafiyar hawainiya, hoto 240 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 4. Na sa Auta ya riƙe madanni a gaban talabijin yadda yatsansa da allon za su fito tare, na ɗauka, muka zauna muna ƙirga hotunan da ke tsakanin saukar yatsa da motsin ƙafar ɗan wasa. Muka sami 36, watau milisakan 150. Mutum mai lafiya ya kan ɗauki kusan rubu'in sakan kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani, ga shi kuma na'ura ta ɗora masa fiye da rabin wannan. Yaron da na ce yana neman hujja, ashe da dabaibayi ya ke gudu.

Babban mai laifi shi ne akwatin talabijin ɗin nan da na ke alfahari da shi. Talabijin na zamani ba ya nuna hoto yadda ya zo. Sai ya riƙe shi, ya goge, ya ƙara masa launi, har ya ƙirƙiro wasu hotuna na tsakani don motsi ya yi laushi. Ga mai kallon fim wannan alheri ne, domin ba ruwansa ko hoton ya makara. Ga mai wasa kuwa cuta ce. A cikin jerin saitinsa akwai inda aka rubuta Game Mode, wanda ya ke kashe duk wannan kwalliya. Shekara uku ina da akwatin ban taɓa buɗe wurin ba. Da muka kunna shi, ƙirgar ta sauko zuwa 24.

A nan na tuna da tsohon talabijin mai ƙusumbi na gidanmu, wanda ya ke zana hoto layi-layi daidai lokacin da ya ke isowa. Masu shekaruna za su tuna wasan harbin agwagwa na Nintendo, Duck Hunt, na 1984, mai 'yar bindigar roba. Bindigar nan ba ta aiki da talabijin na yanzu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne makarar hoto. Har John Carmack, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan Doom a Amurka, ya taɓa kokawa a 2012 cewa aika saƙo Turai ta intanet ya fi masa sauri a kan aika ɗigon hoto zuwa allon da ke gabansa. In irin wannan gwani ya koka, ina ga ɗan marayan Allah a falona?

Saura abin da ya fi ɗaure mana kai: me ya sa wani dare ya fi wani? Nan ne na sami hannuna dumu-dumu. Muna da 'yar inbata mai riƙe fitilu da talabijin idan an ɗauke wuta, kuma ni na kafa doka kada a jona cajar kwamfuta da ita don tana jan wuta. To, kwamfutar tafi-da-gidanka da zarar ta koma kan batir sai ta rage wa kanta ƙarfi don batirin ya daɗe. Duk daren da ba wuta, Auta yana wasa ne da rabin injinsa, bisa umarnin yayansa. Ban da haka, a kan darduma ya ke ajiye ta, ƙofofin iskarta a toshe, ga ƙurar hunturu ta yi wa fankarta dam. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta sassauta gudu don kada ta ƙone, shi ya sa wasan farko ya kan yi daɗi, na huɗu ya zama azaba. A shagon Wuse kuwa tana kan tebur, a jone da wuta, ba talabijin a tsakani, minti biyar kawai aka gwada ta. Mutumin bai yi mini dabara ba.

Na ƙarshe ƙarami ne amma ya ba ni mamaki. Ɗan abin da ke karɓar saƙon madanni marar waya yana soke kusa da ma'ajiyar bayanai mai USB 3.0. Kamfanin Intel ya bayyana tun 2012 cewa irin wannan mahaɗa tana fitar da hayaniyar lantarki a zangon gigahaz 2.4, inda kayan da ba su da waya su ke magana. Muka mayar da shi ɗaya gefen. Muka kashe V-Sync, muka ƙayyade yawan hotuna don kada sashen zane ya cika maƙil. Ƙirga ta tsaya a 17, kimanin milisakan 70.

Ranar Asabar na ɗauki kwamfutar na koma Wuse, da sunan a share mata ƙura, amma ainihin abin da ya kai ni ban haƙuri ne. Mai shago ya buɗe ta, ya zaro wani dunƙulen ƙura kamar auduga ya ɗora a tafin hannuna, ya yi murmushi, ya ƙi karɓar ladan aiki. Na gode masa, na roƙi gafara, ya ce ba kome.

Na Auta ya fi wuya, domin a gaban mutane na muzanta shi. Na sa aka kira abokin nasa, na faɗi a gabansu duka cewa ni ne ban fahimta ba, na kuma janye dokar inbata, da sharaɗin a kashe fanka ɗaya. Suka zauna suka buga sau uku. Auta ya ci biyu, abokin ya ci ɗaya. Da suka gama sai ya miƙo mini madanni ya ce, "Yaya, zo ka gwada, yanzu ba tsaiko." Ya zura mini shida ban rama ko ɗaya ba.