Rumfarmu a Wurin Baje Koli

Mu wanzamai ne, kuma gadon sana'ar muka yi. Kakanmu ya sauka Nima da zabirarsa a kafaɗa, har Allah ya karɓi ransa bai taɓa yin talla ba, don duk gidan da aka yi haihuwa an san ƙofar da za a buga. To, zamani ya juya. Kaciya yanzu galibi asibiti ake kaiwa, aski kuwa samari masu inji sun karɓe. Abin da ya rage mana shi ne ƙaho da tausa da man shafawa da muke haɗawa da man kaɗe. Shago ɗaya, mutum uku, ciniki kuwa yau akwai gobe babu.

Wannan ne ya sa wata shekara muka kwashi kuɗin adashinmu, wato susu, muka kama rumfa a babban baje kolin ƙasa da ake yi a lokacin a La, nan Ankara, wanda aka fara tun 1967. Mahaifinmu bai so ba. Ya ce wanzami ba ya bin mutane, mutane ke bin sa. Amma dai ya biyo mu.

Kwana biyu na farko ba wanda ya ko dube mu. Maƙwabcinmu na dama yana da lasifika, tun safe yake shelar cewa kwalbarsa guda tana maganin ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa, jama'a kuwa sun yi cincirindo a gabansa. Ƙanenmu ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, mu ma a samo mana lasifika mana." Tsohon ya ce, "Ka faɗi me da ita?" Shiru.

Ba kunya kaɗai ce ta hana mu ba, akwai doka. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana a tallata magani da sunan yana warkar da cututtuka irin su ciwon sukari, hawan jini da ciwon daji, kuma hukumar FDA ce ke sa ido. Tun 2000 ma aka yi dokar da ta kafa majalisar yi wa masu maganin gargajiya rajista. 'Yan'uwa da yawa a zango suna ganin waɗannan takardu wahala ce ta 'yan boko. Mu dai mun ga amfaninsu, domin takardar rajistarmu da muka rataye a rumfa ita ce abin da ma'aikatan ofis suke fara karantawa kafin su gaishe mu.

A rana ta uku muka aro benci. Muka rubuta a allo da Turanci da Hausa cewa tausar kafaɗa ta minti biyar kyauta ce. Waɗanda suka fara zama ba 'yan kallo ba ne, masu rumfuna ne 'yan'uwanmu da suka wuni a tsaye, da 'yan dako. Da mutum ya ga wani zaune ido rufe, sai ya tsaya. Da ya tsaya, sai tambaya. A nan muka gane kuskurenmu na zuwa ba tare da mai jin Ga sosai ba. Da Twi muka yi ta lallaɓawa. Muka kuma gane abin da ya fi ciwo: da yawa in sun ga Bahaushe da magani, maganin maza kawai suke tsammani, har suna raɗa mana a kunne.

Ƙaho ba mu yi a wurin ba ko sau ɗaya, saboda ƙura. Mun dai shimfiɗa kayan aiki a tebur kowa ya gani: kofunan roba maimakon ƙahon sa, safar hannu, da reza a cikin takardarta, wadda ake buɗewa a gaban mutum a kuma jefar bayan an gama. Wannan tebur ya fi bakinmu iya magana.

Wata hajiya ta zo ta ce kanta na sarawa kullum, an ce mata hawan jini ne, a yi mata ƙaho ta huta da ƙwayoyi. Baba ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kada ki bar ƙwayar likita. Wannan ba aikinmu ba ne." Haka muke gaya wa mai ciki, da mai ƙarancin jini, da mai shan maganin tsinka jini. Ta tafi ranta a ɓace, muka bi kuɗin da ido.

Da aka tashi, ko kuɗin rumfa ba mu mayar ba, kuma a cikin trotro ba wanda ya yi wa wani magana. Sai a watannin da suka biyo baya mutane suka riƙa ɓullowa shago da ɗan katinmu a hannu. Cikinsu har da hajiyar nan, ta kawo maigidanta mai ciwon baya.

Yanzu mun fi zuwa ƙananan taruka, kamar maulidi da nune-nunen da ake yi dab da 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, don kuɗin wuri bai kai na La ba. Bencin nan kuwa mun saye shi daga hannun mai shi, yana nan a ƙofar shago.