Kuɗin Ƙarin Gudu Da Suka Ƙare A Botom Filet

  Yau maganar mota na zo da ita, duk da dai za ku ga yadda kasuwar goro ta biyo ni har gareji.

Ni dai a Sabon Shagamu aka haife ni, mahaifina kuwa fataucin goro yake yi tun kafin a san za a yi ni, yana loda huhuna zuwa Kano da Sakkwato. Da na gama sakandare sai na zauna a rumfa, ina ƙirga ƙwarya, ina yayyafa wa ganye ruwa, ina rubuta bashi a littafi. Daga 'yar ribar da nake samu da kuma adashi na tara abin da na sayi mota bara: Passat ƙirar 2002, ta hannu, mai giyar hannu, mai injin nan da ake kira 1.8T. Baba ya cika mini kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, bisa sharaɗin cewa in buƙatar gida ta taso motar ta gida ce. Ita za ta riƙa kai Hajiya asibiti awon hawan jini, ita kuma za ta kai mu gida Kano da Babbar Sallah.

Ga wanda bai sani ba, harafin T ɗin nan turbo yake nufi. Wata 'yar fanka ce mai kai biyu: hayaƙin da ke fita daga inji yana juya kai ɗaya, ɗaya kan kuma yana cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iska ta ƙaru, a ƙara mata fetur, ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa ɗan inji mai lita 1.8 da silinda 4 yake ba da ƙarfin doki 170, irin wadda aka kai kasuwar Amurka a wannan shekarar. In ka taka totur a kan titin Legas zuwa Ibadan za ka ji ta ɗan yi jim, sannan ta fizge ka kamar an tunkuɗa ka ta baya. Wallahi wannan fizgar ita ta so ta raba ni da hankalina.

Domin kuwa tun makon farko abokai suka sa ni gaba. A majalisarmu akwai masu kallon bidiyon tseren motoci a YouTube dare da rana, kowa kuma ya zama malami. Ɗaya ya ce in kai ta Legas a sake mata karatun ƙwaƙwalwa, wato burenbos a bakin makanikai, a ɗaga matsin iskar turbo ya kai bar 1 ko ya ɗara, ta koma wajen doki 200 ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Wani ya ce in sa bawul ɗin nan mai yin "fishsh" duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur, yadda in na shigo layi kowa zai waiwayo. Na uku ya ce a fasa salansa a cire abin tace hayaƙin da ake kira indomi, a sayar da shi ma a samu kuɗi, motar ta riƙa ruri. Ni kuwa ga kwasar adashina ta N450,000 ta zo hannu. Na kwana uku ina lissafin wanne zan fara.

Ban gaya wa Baba ba, amma a Sabo magana ba ta kwana. Wata safiya muna kwance huhun da aka kawo daga ƙauye, ya ɗauki wani goro fari tas, babba, irin wanda mai saye zai fara kai wa hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Nawa za ka yi wa wannan kuɗi?" Na faɗi farashi mai tsoka. Ya sa farce ya ɓare shi, sai ga cikinsa duk sankara ta cinye. Ya jefar a kwandon shara ya ce, "Na ji an ce za ka ƙara wa motarka gudu. Ka ɓare ta ka ga cikinta?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce, "To kuɗinka ne, ba zan hana ka ba. Amma uwarka za ta shiga motar nan." Bai ƙara ko kalma ba, ya ci gaba da tsintar goro.

Maganar ta tsaya mini a rai, har na fasa zuwa Legas a ranar. Na nufi garejin wani dattijo Bayarabe da ya shekara da shekaru yana gyaran motocin Jamus. Na zayyana masa duk abin da nake so. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan Alhaji, yaushe aka canza taimin bel?" Na ce ban sani ba. "Wane baƙin mai tsohon mai ita yake zuba mata?" Ban sani ba. "Ina takardar sabis?" Babu. Ya yi dariya ya ce kafin ya taɓa komai sai ya sauke botom filet, wato kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙarƙashin inji. Na ce, "Oga, ai motar lafiyarta ƙalau." Ya ce in haka ne asarata kuɗin aikin awa biyu ce kawai.

Jama'a, da aka sauke kaskon nan sai da gabana ya faɗi. Baƙin mai ya daskare a ciki kamar kwalta, rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta kuwa fiye da rabinta ya toshe da wasu ƙananan duwatsu baƙaƙe kamar gawayi. Dattijon ya bayyana mini dalili. Turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin man injin shi ne yake shafe shi. Wannan injin ɗan mai kaɗan yake ɗauka, wajen lita 4. Idan aka zuba masa mai na araha, aka kuma bar shi ya wuce lokacin juyewa, zafi sai ya dafa shi ya ƙone, ƙonannen ya gangaro ya toshe rariya. Ranar da rariyar ta rufe gaba ɗaya, mai ba zai hau sama ba, turbo zai fara mutuwa, inji ya bi shi. Ya ce, "Da ka ƙara mata matsi a haka, ƙila ka kai Ilori, amma ban ce za ka ga gadar Jebba ba."

Na tsaya ina kallon kaskon, ina tuna hanyar da muke shirin bi: Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, har Kaduna da Zariya da Kano, kusan kilomita 1,000, da Hajiya da ƙannena biyu a baya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san akwai wuraren da ba ka fatan mota ta tsaya maka, balle da yamma, balle da mata.

A nan garejin, bisa benci, muka bi shawarwarin abokaina ɗaya bayan ɗaya, kuma zan kawo su yadda na fahimta ko wani zai amfana.

Na farko, bawul mai "fishsh". Injin nan yana da na'urar da ke auna duk iskar da ta shiga, ƙwaƙwalwa kuma ta ba da fetur daidai da awon. Bawul ɗin asali yana mayar da rarar iska cikin bututu ne, ba ta ɓata. Shi kuwa mai ƙarar waje yake watsar da ita, alhali an riga an ƙirga ta an zuba mata fetur. Sakamakon shi ne fetur ya yi yawa a duk canjin giya, mota ta riƙa shaƙewa, fulogi ya yi baƙi. Ko doki ɗaya ba ya ƙarawa. Ƙara kawai za ka saya.

Na biyu, cire indomi. Gaskiya ne hayaƙi zai fi samun hanya, to amma fitilar gargaɗi ta inji za ta kama ta zauna, daga nan kuma ba za ka ƙara sanin ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba. Ga warin hayaƙi da mutanen gida za su riƙa shaƙa duk safiya in ana ɗumama mota a tsakar gida. Masu zuga ka ka cire kuwa, sau da yawa ƙarafa masu tsada da ke cikinsa suke hange.

Na uku shi ne wanda ya fi ja na, wato sake karatun ƙwaƙwalwa. Wannan kam yana aiki, dattijon bai musa ba. Sai dai ya buɗe murfin tanki ya nuna mini lambar da ke jiki: 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi kusa da 95 a ma'aunin Turai. Yawancin karatun da ake sayarwa an tsara su ne don irin wannan fetur ko wanda ya fi shi, a ƙasashe masu sanyi. Mu kuwa a gidan mai iri ɗaya ake sayarwa, ba a tambayarka wanne kake so, kuma ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba. Idan matsi ya yi yawa, iska ta yi zafi, fetur kuma bai kai ba, sai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, abin da ke cin fistin a hankali. Akwai na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasar ta sa ƙwaƙwalwa ta ja baya, amma kariyarta tana da iyaka. Ɗan lagireton da ke sanyaya iskar turbo kuma ƙarami ne, a gefen bamba yake, a cunkoson Legas cikin zafin Maris da wuri yake ƙoshi da zafi. Sannan ga kuloci mai shekaru da zai ɗauki ƙarin nauyin. Uwa uba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ƙafa mai nauyi aljihu take ci.

To ina kuɗin suka tafi? An wanke kasko, an sa sabuwar rariya da sabon bututun da ke kai wa turbo mai. An zuba mai na sintetik mai lambar VW 502 00 da babbar filta. An canza taimin bel tare da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin, domin a wannan injin in bel ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, bawul ɗin kuwa guda 20 ne. Ni da kaina na je Ladipo da yaron dattijon muka zaɓo kayan, na kuma ga yadda na gaske da jabu suke kwana a kwali iri ɗaya. An canza fulogi da 'yan tiyoyin iska da suka tsattsage, da bawul ɗin asali wanda robarsa ta yage. An gyara birki gaba da baya, an juye man birki. Abin da ya rage bai kai taya huɗu ba, sai na sayi biyu, na ci bashin biyu a rumfa, Baba ya rubuta a littafi da hannunsa kamar na kowane baƙo.

Abin mamaki, da na fito da ita daga gareji sai na ji fizgar ta fi ta da. Ashe ta wajen tiyoyin nan da yagaggen bawul iska take zurarewa, dawakan da na biya kuɗinsu tun ranar saye ma ban taɓa hawansu duka ba. Na koyi kuma in na dawo daga doguwar tafiya in bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, don turbo ya huce da mai yana zagaya shi.

A majalisa an yi mini dariya ba kaɗan ba. An ce na kashe kusan rabin miliyan amma motar ko tari ba ta canza ba, wani ma ya raɗa mata suna "motar Alhaji". Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, kuma har gobe in na ji wata ta wuce tana "fishsh" sai na waiwaya. Maganar sake karatun ƙwaƙwalwa ma ban binne ta ba. Na ajiye ta sai na biya bashin taya, na canza kuloci, na kuma samu wanda zai tsara karatun daidai da fetur ɗinmu da zafinmu, mai sauƙi, yana aunawa da kwamfuta a kan hanya. In ban samu irin wannan ba, doki 170 sun ishe ni zuwa ko'ina.

Mun je Kano da Sallah, mun dawo. Hajiya ta yi barcinta tun daga Mokwa, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Da muka iso Shagamu Baba bai ce komai game da motar ba. Washegari dai da asuba ya miƙo mini makullin sito ya ce lodin Sakkwato na wannan makon ni zan duba shi, huhu bayan huhu.

Don haka ɗan'uwa, in ka sayi mai turbo ta hannu kuma kuɗi suna yi maka ƙaiƙayi, fara da sauke botom filet, ka tambayi shekarun bel, ka duba birki da taya. Abin da ya saura bayan nan, shi ne kuɗin wasanka.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya mayar da kowa gida lafiya. Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu.

Wassalam.