Romon Da Ya Daskare

Duk lokacin da hunturu ya kama, na tashi da safe na tarar da ragowar farfesun ƙafar sa ya daskare a tukunya, sai wata tsohuwa ta birnin Mosko ta faɗo mini a rai, tare da wata kunya da na sha a gidanta wadda har yau ban gama jin nauyinta ba.

A 1984 ina cikin ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Tarayyar Sobiyat, ƙasar da ta wargaje a 1991. Wani abokin karatuna, ɗan ƙasar, ya gayyace ni gidan kakarsa bikin sabuwar shekara, wanda a zamanin shi ne babban bikin iyali a can. Muka je tun ranar 30 ga Disamba domin mu taya ta aiki. Babushka yake ce mata, wato Kaka, ni ma sai na bi sahu.

Mun tarar da ita tana shirin wani abinci da suke kira holodets, sunan da ya fito daga kalmarsu ta sanyi. Shi ake fara taɓawa kafin a kawo babban abinci. Ƙafafu ne da kunnuwa ta jiƙa tun daren jiya, ta kankare su da wuƙa har suka yi fari fat. Ta ɗora a babbar tukunya, da ya tafaso ta kwashe kumfar, ta rage wuta har ruwan ya koma motsi kaɗan-kaɗan. Haka ya yi awa shida, ba a ƙara masa ko cokali guda na ruwa ba. Can wajen ƙarshe ta jefa albasa da ɓawonta domin romon ya yi launi, da karas, da baƙin barkono, da wani busasshen ganye mai ƙamshi, da gishiri. Sai ta tsame naman, muka zare ƙasusuwa, ta yayyanka shi ta jera a kwanuka, ta barbaɗa tafarnuwa, ta tace romon da ƙyalle ta zuba a kai, aka kai baranda sanyi ya ƙarasa aikin. Ba a sa masa komai don ya kama. Danƙon da ke cikin fata da jijiya da guringuntsi ne yake narkewa a doguwar dahuwa, in ya huce ya daskare har a yanka da wuƙa.

To, mai karatu, tun ganin farko na gane ƙafafun nan na alade ne. Amma sai kunya irin tamu ta ɗaure mini baki. Na ce a raina baƙo ba ya kushe girkin masu gida, in an zauna ci sai in zame a hankali.

Ina! Daren 31 ga wata, da aka kewaye tebur, Babushka ta yanko yankan farko, ta ɗora masa wani yaji na saiwa mai hawa hanci, ta miƙo mini da hannunta, ta ce, "Ci, ɗana, kai ne baƙonmu." Kowa ya zuba mini ido. Wannan mata ta ga yaƙin da aka yi daga 1941 zuwa 1945, ta san yunwa ido da ido, kuma abokina ya gaya mini ta daɗe a layi cikin ƙanƙara kafin ta sami ƙafafun. A wurinta mayar da abinci ba ƙaramin abu ba ne. Ni kuma ga haramci ƙarara a gabana. Na tattaro ɗan Rashancin da nake da shi na ce, "Kaka, ki gafarce ni, ni Musulmi ne, addinina ya hana ni cin alade."

Ɗakin ya yi tsit. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Jiya kana tsaye kusa da ni awa shida. Me ya hana ka faɗa?" Ban da amsa. Ta ɗauke farantin, ta kawo mini burodi da dankali da lemo. Na koma makaranta ina ganin na rufe wa kaina ƙofar gidan ke nan.

Bayan mako biyu sai ga saƙo wai in zo. Ashe suna da wata sabuwar shekarar ta tsohuwar kalanda, a daren 13 ga Janairu. Na tarar da holodets a tebur, gabana ya faɗi. Ta yi dariya ta ce na ƙafar saniya ne. Ta je wurin maƙwabciyarta, Musulma 'yar ƙabilar Tatar, ta tambaye ta ƙa'idarmu, ta samo ƙafafun daga yankan danginta na ƙauye, har tukunyar ma tata ta aro.

Na yi bisimilla na kai loma. Wallahi sai na ji ni a tsakar gidanmu da sanyin safiya, muna lasar daskararren farfesu kafin Inna ta ɗumama. Abin da mu muke mayarwa wuta, su shi suke jira ya yi sanyi. Na cinye yanka uku tana tsaye a kaina tana ƙirgawa.

'Yan'uwa marubuta, da na zauna rubuta wannan labari na so in nuna kaina gwarzon da ya tsare addininsa a baƙuwar ƙasa. Da na sake karantawa sai na yage takardar, domin kuwa ba haka aka yi ba. Ƙin cin daidai ne, amma shirun da na yi ranar 30 ga wata shi ya jawo tsohuwa ta ji kunya a gaban 'ya'yanta, kuma ita ce ta yi ɗawainiyar gyara ɓarnar. In mutum zai sa kansa a labari, to ya sa har da laifinsa.

Ban sake ganinta ba bayan na dawo gida. Amma Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Har gobe in farfesu ya kwana ya daskare, nakan ce wa mai ɗakina ta yanko mini kaɗan da sanyinsa kafin ta ɗora a wuta.